Yumɓun Bayan Rumbu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga mahaifinka Haruna Magini na Auyo, zuwa ga ɗana Abba. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki, Ya tsare ka daga ciwon baƙon wuri da na baƙon ruwa. Innarka tana gaishe ka, ta kuma ce in tambaye ka ko ka ci dakuwar da ta ƙulle maka, ko ka rabar wa mutanen jirgi kamar yadda ka saba.

Bayan haka, na ba Malam Isa mai fataucin banda wannan takarda, tunda hanyarsa ta kudu tana bi ta kusa da makarantarku. Ba labarin gari zan ba ka ba, garin yana nan yadda ka bar shi. Magana ɗaya ce ta hana ni sakat tun ranar da na raka ka tashar Malam Madori. Ka ɗora ƙafa a matakalar jirgi, ka juyo ka ce mini, "Baba, in na je suka ce in koma kwaɓa yumɓu kamar sabon shiga, jirgin da ya kai ni shi zai dawo da ni." Na yi dariya a lokacin don mutane suna kallonmu. Amma na san ka. Sunan mahaifina gare ka, zuciyarsa kuma ka ɗauko ba ragi, in ka faɗi abu sai ka aikata. To, za su sa ka kwaɓa yumɓu, wannan ko shakka ba na yi. Abin da nake roƙonka shi ne ka karanta takardar nan har ƙarshe kafin ka ɗaure kayanka.

Bari in fara da abin da bakina ya kasa faɗa maka ido da ido. Ina alfahari da kai. Ranar da Baturen makarantar tukwanen nan ya zo kasuwar Auyo yana bin rumfunan magina, ya ɗaga tulunka, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya kara a kunne, ya tambaya wa ya gina, mutane duk ni suka nuna. Na ce musu a'a, ɗana ne. Ban taɓa jin daɗin musanta wani abu kamar wannan ba. Da kasuwa ta tashi ban bi gajeriyar hanya ba, sai na zaga ta bakin masallaci, na ratsa rumfar mahauta, don kawai a tare ni a tambaye ni in sake ba da labarin. Innarka ta ce na shigo gida ina tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani. Hannunka ya fi nawa, ya kuma kusa kamo na kakanka. Saboda haka ne nake tsoron zuciyarka ta yi maka asarar abin da hannunka ya samo maka.

Ni ma na taɓa faɗin irin maganarka, kuma na cika ta. Kakanka ya tsare ni a ramin kwaɓi har gemu ya fara fito mini. Sa'o'ina suna kai nasu tukwanen kasuwa, ni kuwa kullum ƙafata cikin yumɓu, ina takawa ina tsince tsakuwa. Wata safiya na ce masa ko dai ya bar ni in gina randa, ko in bar masa gidansa. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Ƙofa ba ta da sakata." Na wanke ƙafata, na kama hanyar Kano, ana cikin ɗibar soja lokacin nan, na shiga. Ka ga mutumin da ya guje wa taka yumɓu, sai ga shi a dajin ƙasar Bama, can ƙetaren teku, yana taka taɓo har gwiwa, da akwatin harsashi a ka, ba mai ce masa sannu. Kafin in dawo kakanka ya rasu. Akwai yadda yake naɗe bakin randa da babban yatsa da ɗan tsumma, bakin ya fito da kauri amma ba nauyi. Duk Auyo ba wanda ya iya, ni kuma da ya ajiye wa sirrin ina can wata duniya. Har yau in na ga tsohuwar randarsa a gidan wani sai in tsaya in shafa bakin. Don haka in ranka ya ɓaci a can, ka je ka faskara itace har zuciyar ta sauka, amma kada ka yanke shawarar tafiya da ƙafarka tana jiƙe da yumɓu.

Ka san kwanon ƙasar nan da nake shan fura a ciki, mai jajayen zane a jiki, wanda na hana kowa wankewa sai ni. Ka san wani mutumin Japan ne ya ba ni, amma ban taɓa zaunar da kai na gaya maka ko wane ne shi ba.

Da yaƙi ya ƙare, aka sa ƙungiyarmu gadin sojojin Japan da suka ajiye makamai, a wani sansani a bakin kogi. Wata rana ina tsaye da bindiga a kansu suna haƙa magudanar ruwa, sai na ga wani dattijo a cikinsu, mai tabarau ɗaure da zare, ya ɗebo ƙasa daga ƙasan ramin. Ya murza ta a yatsu, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe. Na ce a raina wannan ɗan gidanmu ne. Na duƙa na ɗebi tawa, na lotsa ta da babban yatsa na fitar da 'yar tukunya, na ajiye a bakin ramin. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai irin gaisuwarsu. Sunansa ya gagari harshenmu, sai muka sa masa Mai Tabarau. Akwai wani a cikinsu da ya taɓa koyarwa a makaranta, yana jin Turanci, ni kuma ina da ɗan Turancin bariki, da shi muke hira. Inda Turanci ya ƙare, hannu ya ƙarasa.

Ashe shi babban magini ne a ƙasarsu, yana da gidan aikinsa da murhunsa, masu kuɗi suna zuwa daga birni su sayi kwanonsa su ajiye a akwatin katako kamar zinariya. Na tambaye shi yaushe maigidansa ya fara koya masa gini.

Ya ce, "Bai taɓa koya mini ba."

Na ce, "To ta yaya ka iya?"

Ya ce da mahaifinsa ya kai shi gidan wani maigida don ya ga hannun da ba na gida ba, tsintsiya aka fara ba shi. Daga shara aka kai shi faskare. Daga faskare aka kai shi kwaɓi, kuma su da hannu suke yi, suna naɗe yumɓun suna juya shi har ya yi ninki-ninki kamar fure, ba iska ko kaɗan a ciki. Shekaru suka wuce kafin a bar shi ya zauna a gaban faifan nan mai juyawa da suke gini a kai. Nan ma ɗan ƙaramin kofi ɗaya aka nuna masa, aka ce ya yi ta yin irinsa. Ya cika katako da su, maigida ya zo wucewa, ya duba, ya tura su duka cikin bokitin yumɓu, ya wuce bai ce komai ba. Gobe ma haka. Ya ce a gidan aikinsu ba a tambaya, da ido ake ɗauka, kana shara kana kallon yadda gwiwar hannun maigida take tafiya.

Na ce masa, "Ba ka taɓa yin zuciya ka tafi ba?"

Ya yi dariya har tabaransa ya zame. Ya ce, "Kullum ina tafiya a raina. Da safe sai in ga ƙafata ta kawo ni."

Ni kuwa tawa ƙafar ba ta mayar da ni ba. Ka lura, Abba, mutumin nan ɗan magina ne, ya iya gini tun a gidan ubansa kamar yadda ka iya, duk da haka aka ba shi tsintsiya. Ba raini ba ne. Yumɓun kowane wuri da halinsa, kuma wanda bai kwaɓa shi ba ba zai san abin da zai jure ba. In sun ba ka kwaɓi, ka kwaɓa yadda za su leƙo su tambaya ɗan wane gari ne wannan.

Ya ba ni labarin maginan ƙasarsu, na ga ashe sana'armu tana da faɗi. Wani gari farar ƙasa suke ginawa, siririya har haske yana ratsa ta, su yi mata zane da shuɗi. Wani gari toka suke jiƙawa su zuba wa tukunya, wuta ta narkar da ita ta zama ƙyalli. Akwai sababbin magina da suka yi makaranta, kowa da gidan aikinsa, yana buga hatiminsa a gindin kwano, yana kai kayansa birni a jera mutane su zo kallo. Akwai kuma waɗanda suka ƙi sa suna sam, suna cewa kwanon da manomi zai ci abinci a ciki ba ya bukatar sunan kowa. Ya ce waɗannan da waɗancan ba sa ga maciji da juna, na ce ashe har can magina ba sa yabon tukunyar maƙwabci. Su kuwa mutanen garinsu ba sa shafa wa tukunya komai. Ƙasa ce tsirara da wuta, abin da wuta ta rubuta a jiki shi ne adon.

Nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta in na tuna, ko da yake dariya take ba ni. Kwanukan sansani sun yi ƙaranci, sai hafsanmu ya yarda Mai Tabarau ya gina wasu. Ya gina wani kwano, ya gama shi sumul, sannan ya sa tafin hannu ya ɗan tura gefe ɗaya ya karkace. Na ɗauka tsufa ne ya sa hannunsa ya kuɓuce. Da ya juya baya, na jiƙa yatsa na gyara masa shi tsaf, ina jiran godiya. Ya dawo ya gani, ya dafe kai, ya ce ta bakin mai fassara, "Wurin da babban yatsan mai sha zai zauna ne ka toshe." Ya sa ni na riƙe wani da ban gyara ba da hannu biyu, sai na ji ya zauna mini a tafi kamar don ni aka yi. Na faɗi wannan ne saboda na san halinka na fasa duk tulun da ya fito da tabon wuta. Akwai karkatar da lalaci ya jawo, wannan a fasa. Akwai kuma wadda aka yi da sani. In ka ga abin da ba ka gane ba a hannun malaminka, ko a hannun matan ƙasar can da na ji an ce sun iya gini ƙwarai, ka riƙe shi a hannu tukuna kafin ka ce kuskure ne.

Sai maganar wuta, wadda ita ce dalilin da ya sa na yarda ka tafi. Mai Tabarau bai tara tukwane a fili ya rufe da kara da kashin shanu kamar yadda muke yi ba. Murhu ya gina rufaffe, dogo, kwance a jikin gangare, da bakin wuta a ƙasa da mafitar hayaƙi a sama. Kafin ya jera kwanukan ya naɗe kowanne da tattakar shinkafa, wato busasshen karan da ke saura bayan an buge ta. Aka yi kwanaki ana ciyar da wutar ba a bar ta ta huta ba, har cikin murhun ya koma fari, ido ba ya iya kallo. Da ya huce aka buɗe, duk inda tattaka ta taɓa ya bar jan zane, kwanon kuma in ka ƙwanƙwasa sai ya yi ƙara kamar ƙarfe, ruwa ba ya tsatsafowa. Shi cewa ya yi bai kai na gida ba ko kusa. Ni kuwa tunanina ya tafi fadamar Auyo, inda muke ƙone tattakar shinkafa tuli-tuli don mu rabu da ita.

Da na dawo gida, ban yi wata-wata ba. Na naɗe tukwanena da tattaka, na jera a fili, na cinna wuta irin tamu. Matan unguwa suka taru, wata ta ce, "Haruna, sanyi tukunyar take ji ka yi mata bargo?" Tattaka ta cinye nan take, tukwane suka fito da baƙin hayaƙi, ba ja ba dalilinsa. Na ce to murhu ne babu. Na gina shi daga abin da idona ya tuna, a gangaren bayan gari. Wuta tana kamawa rufin ya rufta a kan aikin wata guda. Na sake, ya sake ruftawa. A sansani ni mai gadi ne, na ga murhu daga waje, ban taɓa shiga ciki na jera tubali ba, ban taɓa tsayawa a bakinsa na san lokacin ƙara itace da lokacin dakatawa ba. Baturen da ya ɗauke ka ya ce suna da irin wannan murhu a makarantarku. To, faifai mai juyawa za ka iya shi da wuri, hannunka ba ya wahalar koyo. Wutar ce ba a ba sabon zuwa. Sai wanda ya daɗe, aka ga haƙurinsa, ake bari ya tsaya a bakinta. In ka dawo kafin nan, abin da na dawo da shi daga Bama za ka dawo da shi, wato labari.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ana gab da mayar da su ƙasarsu, na tambayi Mai Tabarau me ya fi kewa a gida. Na ɗauka zai ce matarsa ko abincinsu. Sai ya ce rumbun yumɓunsa. Ya ce yumɓun da yake gini da shi ba shi ya haƙo ba, mahaifinsa ne ya haƙo daga ƙarƙashin gonar shinkafa, ya tace, ya kwaɓa, ya rufe a wuri mai sanyi ya bar shi ya kwanta shekara da shekaru, don yumɓu in ya tsufa ya fi laushi da biyayya. Wanda shi kuma yake haƙowa, na ɗansa ne. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya ce bai sani ba ko akwai mai yayyafa masa ruwa tun da ya taho. A ranar ya ba ni kwanon nan.

Shekarar da na dawo na fara tara nawa. Ramin farko a bakin fadama na haƙa shi don kusa da inda nake ɗiba, kamar ba a Auyo aka haife ni ba. Kogi ya cika ya zo ya kwashe shi tas, ya kai wa kifi. Sai na koma tudu, bayan rumbun hatsi. Sauran kai ka san shi, don da ƙafarka aka yi. Duk shekara in ruwa ya janye, mu ɗebo mafi kyau, ka tace, ka taka har ƙafarka ta yi kanta, sannan in sa ka zuba a ramin mu rufe da tabarma da ƙasa. Kana ganin mafi kyawun aikinka ana binnewa, ana ba ka na biyu ka yi gini. Ka taɓa tsayawa cikin kwaɓi ka ce, "Baba, wai wannan yumɓun na wane ne?" Na ce maka, "Taka dai." Na ɗauka shirun nan na maigidan Mai Tabarau shi ma yana cikin sana'ar, na kwaso shi duka na kawo Auyo. Da muka dawo daga tasha na gaya wa innarka abin da ka faɗa, ta ajiye muciya ta ce, "Malam, kai ba mutumin Japan ba ne, yaron nan ma ba shi ba ne. Namu yaran da baki ake gaya musu. Ya tafi yana zaton ka mai da shi jakin kwaɓi." Ta fi ni gaskiya. Idan kai ma ka samu masu koyo wata rana, ka sa su kwaɓi, amma ka gaya musu dalili.

To ga amsar tambayarka. Yumɓun naka ne. Tun daga kwandon farko na ramin bayan rumbu da sunanka na zuba shi, kana tatata a lokacin. Ban taɓa ɗibar ko dunƙule ɗaya ba, har shekarar nan da ruwa ya ƙi janyewa muka rasa na gini, muka zauna hannu rabbana, ina wucewa ta kansa safe da yamma. Duk ranar da ka ɗauka wahalar banza kake sha, kanka kake yi wa aiki. Ban sani ba ko zai jure farar wuta irin ta murhun can, mai yiwuwa ya narke, mai yiwuwa sai an haɗa shi da wata ƙasa. Wannan kai za ka gano, ni ilmina bai kai nan ba.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ka gaida na gaba da kai ko ba addininku ɗaya ba. Kada ka cika ba da labarin yabon da aka yi maka a Auyo, ni na isa in yi maka wannan a nan, kuma ina yi.

Idan duk da haka zuciya ta ci ka ka hau jirgi, gidan ubanka ne, zan je tasha in tarbe ka, innarka ta dama maka fura, ba wanda zai yi maka gori. Amma ramin zai zauna a rufe, don ba zan buɗe shi a ƙone shi a wutar kara ba. In kuwa ka daure har aka ba ka bakin murhu, ka dawo ka gina mana namu a gangaren da nawa ya rufta, ranar da kaina zan ɗauki fartanya in buɗe maka. Tattaka kuma na riga na gaya wa masu gonakin fadama su daina ƙone ta duka. Hannuna ya fara rawa, ka gani da idonka, ba zan ƙara gina abin kirki ba. Amma ƙafata lafiyarta ƙalau. Kai za ka zauna a faifai, ni zan shiga rami in taka maka, kuma in na tambaye ka abu ka amsa mini da baki.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sanyaya zuciyarka, Ya buɗe idonka a kan abin da ka je nema. Allah Ya tsare ka a zaune da tafiye, Ya kare ka daga wuta da ruwa da mugun aboki, Ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da ya dace ba kafinsa ba. Jiya na yayyafa wa ramin ruwa, yumɓun yana nan da sanyinsa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna Magini, Auyo